Ƙarfe Biyar na Ingila

Malam Bamalli ladan ne, ɗan ladan kuma. Masallacin unguwarsu a Suleja ba wani babba ba ne, sahu shida ya cika, amma tun ana hawa dakali a toshe kunne da yatsa har aka kawo lasifika, muryar gidansu ce ke kiran salla a wurin. A cikin kira biyar ɗin kuwa, magariba ce tasa. Azahar da la'asar, unguwar ta tafi Abuja neman abinci, sai tsofaffi da masu shago. Asuba, rabin mutane sun riga sun fita tarar mota. Amma da magariba kowa ya dawo, motocin haya suna ta zubar da ma'aikata a bakin titi, mutum na tafe da takalmi mai ƙura da ledar burodi, sai ya ji muryar Malam ya san ya iso gida. Malam bai taɓa faɗa ba, amma yana ji da wannan kiran.

Daminar bana ta tafi da matarsa Saudatu. Jinyar ba ta yi tsawo ba. Tun daga ranar Malam ya zama wani iri. Bai yi kuka ba, bai rame ba, bai fasa komai ba. Yana cin tuwon da gidan ƙaninsa ke aikowa, ka tambaye shi miyar mece ce ba zai iya gaya maka ba. Yana kiran salla, baki na yi, shi yana tsaye a gefe yana saurare. Mutane suka yi ta yabon haƙurinsa, har liman ya kafa misali da shi a wa'azi. Ba haƙuri ba ne. Jin ne ya ɗauke, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Wuri ɗaya ne jinin ke ɗan motsawa. Litinin zuwa Alhamis, ƙarfe biyar na yamma, yakan jingina waya da kwanon sha a kan tabarma, ya buɗe Alƙur'ani, sai fuskar jikarsa ta bayyana daga Birmingham. Shekararta bakwai, bai taɓa riƙe hannunta ba. Sunan kakarta aka sa mata, don haka iyayenta Ummi suke ce mata, shi kuwa amarya yake kiranta. Hausarta a karye take, Larabcinta ma da sauƙi, amma tana da naci. Ya karanta aya, ta maimaita, ya gyara, ta turo baki ta sake. In an tashi ya ce mata ya fasa auren tunda ba ta iya tuwo ba, ta ce ita ma ba ta son miji marar haƙori.

Uban yarinyar, Hashim, ma'aikacin jinya ne a can, kuma shi ne ɗan farin Malam. Malam kuwa mutumin da ne. Bai taɓa kama sunan Hashim da bakinsa ba, sai dai “yaron nan”. Bai taɓa zama da shi hira ba, bai taɓa neman wani abu a wurinsa ba. In waya ta haɗa su, a gaisa, a tambayi sanyi, a tambayi mutanen gida, sai ɗaya ya ce to madalla. Duk wata magana mai nauyi da hanyarta. Malam ya faɗa wa Saudatu, Saudatu ta kira Fiddausi matar Hashim, Fiddausi ta san yadda za ta sa wa mijinta a kunne. Hanyar ta yi zagaye, amma saƙo bai taɓa ɓata ba. Da aka binne Saudatu, da hanyar aka binne, babu kuma wanda ya lura.

Wata Alhamis a ƙarshen Oktoba, an shafa fatiha ke nan, sai Hashim ya leƙo ta bayan 'yarsa da rigar aiki a jikinsa.

“Baba, ranar Lahadi za a canza agogo a nan. Za a mayar da shi baya da awa ɗaya. Biyar ɗinmu za ta zama shidanku.”

Malam ya ce, “To.”

“Fiddausi ta samu sabon aiki, da ɗan nisa. Ummi tana zama a makaranta sai kusan biyar ake ɗauko ta. Ba zai takura maka ba dai ko?”

“Ba komai.”

Sai da wayar ta yi duhu sannan ya zauna ya lissafa. A wannan lokacin na shekara rana ba ta daɗewa bayan shida. Ke nan karatu zai fara, ba a kai ko'ina ba magariba ta shigo. Ya daɗe yana duban kwanon shan. Bai ji tashin hankali ba. Ya dai ga abin a gabansa, kamar yadda mutum ke ganin rami a hanya.

Washegari bayan la'asar ya zauna a bencin ƙofar shagon Onwuka. Onwuka kayan lantarki yake sayarwa a shagon da ke jikin gidan Malam, haya yake yi tun Hashim na firamare. Hausa ta zauna a bakinsa daram, sai dai har yau bai raba namiji da mace ba, kowa “ke” ne a wurinsa, har liman. A bencin akwai Malam Nura, wanda ya yi ritaya daga wata ma'aikata a Abuja, yanzu ba shi da aiki sai sahun gaba da sauraron rediyo. Yana da murya, kuma ya san yana da ita. Duk ranar da mura ta kama Malam Bamalli, kafin a nemi mai taimako Nura ya riga ya kai hannu kan makirfo.

Malam ya kawo zancen a kaikaice, kamar labarin wasu. Ashe ya taɓo inda ke yi musu ƙaiƙayi. Nura ya gyara zama ya ce ai wannan dabara ce ta masu hankali. Ƙasashen nan ranarsu ba ta da tsayayyen hali, da bazara ta ƙi faɗuwa, da hunturu ta ƙi fitowa, don haka suke tura agogo gaba su ci moriyar haske, su jawo shi baya don yara kada su tafi makaranta cikin duhu. Har wutar lantarki ake tattalawa, in ji shi. Onwuka ya ce wace wuta. Shi wuta sana'arsa ce, ƙwan fitilar yanzu ba ya shan komai, wannan tsohon zance ne. Ƙanwarsa Nnenna tana Amurka, duk shekara sai ta kira shi tana mita, barci ya rikice, yara sun rikice, har kare ya rikice. Majalisunsu ma sun yi ta cacar baki a kan a daina, sai dai an rasa wanne za a tsaya a kai, na bazarar ko na hunturun. Nura ya ce da abin banza ne ai da tuni an daina. Onwuka ya ce abin banza nawa ake yi a duniya ba a daina ba. Suka yi ta yi, mutum biyu da ba wanda ya taɓa taka filin jirgi, kowa na kare agogon da ba nasa ba.

Malam ya bar su suka gaji, sannan ya tambayi abin da ya kawo shi. Yau shekara biyu ana karatun nan, me ya sa bai taɓa cin karo da wannan canjin ba?

Onwuka ya dube shi, ya sauke murya.

“Malam, ba ki sani ba? Mama ce. Duk lokacin nan sai ta turo wa 'yata Hilda waya, a sa mata data, ta kira matar yaron. Ita kuma ta canza duti a wurin aiki, ta ɗauko yarinya da wuri. Mama ta ce kar a gaya miki, ba ki son damuwa.”

Malam ya gyaɗa kai. Ya jira ya ji ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Babu. Ya dai ƙara sanin wani abu game da matar da ya zauna da ita shekara arba'in, a lokacin da sanin ba shi da amfani.

Onwuka ya ce abin ai mai sauƙi ne, ya kira ɗansa ya gaya masa. Nura ya yi dariya ya ce wa Onwuka shekara nawa yana Suleja bai san kunyar ɗan fari ba. Sannan ya juyo ya ce, cikin ladabi, in dai don magariba ce kada Malam ya damu, ga shi nan zaune ba abin da yake yi, zai riƙe masa har agogon ya dawo. Faɗuwa ta zo daidai da zama, amma a fuskarsa ba ka ganin komai sai taimako.

Gaskiya Malam ya gwada. Ranar Asabar ya ɗauki wayar ya nemo lambar, ya riƙe yana kallo har hasken ya mutu. Me zai ce? Ya ce wa yaron nan matarsa ta bar aiki ta ɗauko yarinya don shi ya yi kiran salla? Ko ya kira surukarsa, wadda ko ido ba su taɓa haɗawa ba? Bakin da ya ce ba komai ranar Alhamis, shi zai dawo ya ce akwai komai? Ya ajiye wayar. Taura biyu ba ta taunuwa, sai ya zaɓi wadda ke kiransa Kaka. Ranar Lahadi bayan isha'i ya gaya wa liman cewa Malam Nura zai riƙe magariba daga Litinin zuwa Alhamis. Liman ya ce Allah ya ba da lada, karantar da jika ma ibada ce.

Ranar Litinin da shida fuskar amarya ta fito. Tagar da ke bayanta baƙi ƙirin, an kunna fitila, tana sanye da rigar sanyi mai hula. Ta ce masa su dare ya yi tun ɗazu, har sun yi magariba. Nan kuwa rana na shirin faɗuwa, kaji na shiga akurki. Suka fara. Ba su yi nisa ba lasifika ta yi ƙara, aka hura ta sau biyu, sai muryar Nura ta tashi, doguwa, da lanƙwasa irin ta kaset. Malam ya ɗaga hannu ya tsayar da ita, ya ce in ana kiran salla ana yin shiru a amsa. Ya koya mata. Ta amsa biyu, sannan ta matso da fuskarta kusa.

“Kaka, wa yake yi? Dadi ya ce kai ne mai yi.”

“Yau wani ne.”

“Ya fi ka iyawa?”

“Ya iya.”

Suka ci gaba. Ta katanga yana jin an tayar da iƙama, yana jin sahu ya ce amin, yana jin an yi sallama. Da aka tashi karatu ya shimfiɗa darduma ya yi magaribarsa shi kaɗai a ɗaki. Rabonsa da haka ba tare da ciwo ko tafiya ba, ba zai iya tunawa ba. Ya idar, ya zauna, ya ga ashe ana iya yi, rufin ɗaki bai faɗo ba.

Abin da aka ba mutum aro, in ya ji daɗinsa, sai ya fara yi masa kallon nasa. Ba a yi mako uku ba Nura ya ce wa liman bai kamata a riƙa rikita jama'a ba, yau wannan murya gobe waccan, gara ya haɗa har Juma'a da Asabar da Lahadi. Liman ya tambayi Malam, Malam ya ce ba komai. Daga nan kuma, tunda Nura yana zaune a masallaci tsakanin magariba da isha'i yana lazimi, wahalar me za a ba Malam ya fito? Isha'i ma ta bi. Babu wanda ya yi masa rashin kunya. Kowa tausaya masa yake yi, dattijo ya rasa mata, a bar shi ya huta. Masu dawowa daga Abuja suka saba da sabuwar murya, har wasu na cewa tana ratsa jiki. Malam ya ji, ya ce gaskiya ne. Sauran kwana ukun da ba karatu yakan je ya bi sahu, a gefe, ya fito kafin a fara gaishe-gaishe.

A can kuma hunturu ya kankama. Amarya ta fara zuwa karatu a gajiye. Tana hamma a tsakiyar aya, tana kwantar da kai a kan tebur, wata rana da mura, wata rana ta ce cikinta. Wasan aure ma ya ja baya. Ya ce ya fasa, ta ce to. Wata Laraba barci ya kwashe ta ana cikin karatu. Malam bai tashe ta ba, bai kuma kashe wayar ba. Ya zauna yana kallon saman hularta yana jin numfashinta, har uwarta ta zo ta gaishe shi daga gefe ta ba da haƙuri.

A tsakiyar Disamba Hashim ya sake leƙowa. Ya yi ta kewaye-kewaye, shi ma ɗan ubansa ne. Daga ƙarshe ya ce an buɗe islamiyya kusa da su, Asabar da Lahadi da safe, akwai yara sa'anninta. Yamman nan tana yi mata nauyi, ga duhu ga aikin makaranta.

“Kai ma ka huta, Baba. Na san muna takura maka, kawai ba ka faɗa ne. Za mu riƙa kira ana gaisawa.”

A nan ne wurin magana. Da Malam zai ce wani abu a rayuwarsa, to a nan ne. Ya dubi fuskar yaron, ya ga ramar aikin dare a idonsa, ya ga kuma da zuciya ɗaya yake faɗa, yana ganin alheri yake yi wa tsohonsa.

Ya ce, “To. Allah ya yi albarka.”

Amarya ta ɗaga masa hannu ta ce bai-bai Kaka, ta sauka daga kujera tun kafin a kashe.

Litinin ta zagayo. Rana ta yi ƙasa, Malam ya yi alwala, ya sa hula, ya zura takalmi, ya zo har zaure. Daga nan yana hango ƙofar masallaci, Nura na tsaye yana duba agogon hannunsa, Onwuka na shigar da kaya. Ya tsaya. In ya fita yanzu, ranar Litinin, mutum na farko da zai gamu da shi zai ce Malam yau ba karatu? Gobe ma a tambaya. Jibi sai ya faɗa. Ya ce yaron nan ya sallame shi. Zai zama kamar ya tsaya a tsakiyar unguwa ya kai ƙarar ɗansa na fari, a yi ta cewa ka ga 'ya'yan zamani, uba ya bar magariba dominsu sun watsa masa ƙasa a ido. Yaron da bai ma san an bar wani abu ba. Sannan ya je ya ce wa Nura ba ni abina, ya lashe amansa a gaban liman, a soma shawarar wa ya fi murya. Ya duba duk wannan a tsanake, ba fushi ba baƙin ciki. Sai ya cire takalmin ya koma ɗaki.

Talata ma haka. Laraba ma haka. Abin ya zama jiki.

Bayan sabuwar shekara, wata yamma, Onwuka ya tare shi a zaure da fara'arsa. Ya ce Nnenna ta kira, an sake tayar da zancen a can, wannan karon kamar da gaske suke, wataƙila a daina taɓa agogo gaba ɗaya. In Amurka ta daina, in ji shi, Ingila ma za ta bi. Ya ce ya gaya wa Malam Nura, shi kuma ya ce ba za a taɓa dainawa ba, har sun kusa ɓatawa.

“Ko ba su daina ba ma, Malam, Maris ya kusa. Agogo zai dawo, ki koma kan lasifika. Ni wannan muryar ba na sanin lokacin rufe shago da ita.”

Malam ya ce, “Allah ya kai mu.”

Onwuka ya dubi wayarsa ya ja da baya. “Shida ta yi, kar in tsare ki. Amarya na jira. A gaishe ta.”

“Za ta ji.”

Ya shiga ɗaki ya tura ƙofa. Tagar ɗakin titi take kallo, ta ƙarƙashinta masu zuwa masallaci ke wucewa, kuma sun saba jin karatu a wannan lokacin. Ya zauna a tabarma, ya buɗe inda suka tsaya a Disamba. Ya karanta aya ɗaya da ƙarfi yadda za a ji daga waje. Ya yi shiru daidai tsawon da takan ɗauka ta maimaita. Sannan ya karanta ta gaba.